Igiyar nan ba ita kaɗai ke riƙe da kai ba

Toh yarona, na ga saƙonka da daddare, wai me yasa na hana ka sauka gangaren gefen rafi jiya bayan ruwan sama alhali injin yankan bishiyar a ɗaure yake da igiyar ƙarfe kuma winci, wato na'urar da ke naɗe igiyar tana sakin ta daga sama, lafiyarsa ƙalau, har kana cewa "Oga ai ko ƙasa ta zame igiya za ta riƙe ni". Wannan maganar ce ta sa na zauna rubuto maka, don in da baki ne gyaɗa kai kawai kake, hankalinka na kan makullin inji.

Zo mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Injin yankan da kake hawa, da kan zarton da man da ke ciki, ka ɗauka tan 40 ne. A gangare mai digiri 30 rabin nauyin nan ne ke jan ka ƙasa, tan 20 kenan. In ya kai digiri 45 ya zama wajen tan 28. Ita kuma igiya ƙa'idarmu ba a ɗora mata fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da zai tsinka ta, wato in a tan 60 take tsinkewa toh aikinta tan 20 ne, shikenan. Yanzu faɗa min, sauran tan 8 ɗin wa ke ɗauke da su? Ƙasa ce, haƙoran sarƙar ƙafafunka da suka cije ta. Ruwan jiya ya mai da yumɓun wajen kamar sabulu, na taka da takalmina sai da na dafa kututture, kaga abin da ke ɗaukar maka sauran kayan ya riga ya tafi, igiya kaɗai za ka bar wa aikin mutum biyu.

Shi yasa nake ta nanata muku, duk inda ka san in igiya ta saki injin ba zai tsaya da ƙafarsa ba, ba wajen zuwanka bane ranar. Nan Niyu Zilan tun kafin winci ya zo injin mai sarƙa digiri 22 aka sa masa a matsayin iyaka, mai taya 17, abin da ya fi haka mutum ne ke sauka da zarto a hannu. A 2013 kaɗai mutum 10 suka mutu a aikin daji a ƙasar nan, daga nan ne aka rungumi ɗaure inji gadan-gadan, da injina irin su ClimbMAX da aka ƙera a garin Nelson da su Falcon da Tractionline, don a cire mutane daga ƙarƙashin bishiya. Abu ne mai kyau wallahi, ya ceci rayuka. Amma ya kawo wata sabuwar cuta, yaro ya ji abu na jan sa ta baya sai zuciya ta yi masa girma.

Ni ma na yi wannan ƙuruciyar, ba sai na ɓoye maka ba. Shekarata ta farko a winci ina sauka a hankali sai ƙafar dama ta hau wani kututture da rassa suka rufe, injin ya ɗan tsaya, igiya ta yi sako-sako kamar taku biyu, da ya sauko daga kan kututturen sai ji nayi fizga har haƙorana suka haɗu, lambar da ke sikirin, mai nuna nauyin da ke kan igiya, ta yi tsalle ta wuce iyaka ta dawo kafin in ƙifta ido. Ba ta tsinke ba, Allah ya kiyaye, amma da muka warware ta da yamma mun samu silin waya a karye dab da bakin shakul, ƙarfen nan da ke haɗa igiya da sarƙar injin, sai da aka yanke wajen. Fizga ke kashe igiya. Kuma ka lura, lokacin tafiya take zuwa, ba lokacin da ka kafe kana yanka ba, don haka kar ka taɓa motsa ƙafa sai ka ga igiya a miƙe.

Sai maganar lambar sikirin da ka ɗauka kamar ba ta ƙarya. A wajen winci ake auna ta, can sama. In ka bi da igiya ta jikin bishiya ko kututture don ka karkata gefe, gugar wajen na cinye wani abu, kana gangarowa abin da ke kan igiyar ta ɓangarenka ya fi abin da kake gani. Ga zafi, ka taɓa ganin kututture yana hayaƙi ai, wannan zafin ƙarfen igiyar ma yana shan sa. Kuma kututturen bishiyar fayin (pine) a jiƙaƙƙiyar ƙasa tuɓewa yake ba sallama, in ya tuɓe igiya ta sami sako na mita da yawa a lokaci ɗaya, sauran ka sani.

Katafilar da ke sama ɗauke da winci kuma, wadda muka binne bokitinta a ƙasa, ita ma ƙasar nan dai take taka. Ƙararrawar da ke kuka in ta motsa ba ado bane, in ka ji ta ka tsaya cak, ka dasa kan zarto a ƙasa ta gefen gangare, ka kira ni a oba-oba. Kar kace bari in ƙarasa wannan bishiyar. Haka in ka ji injin ya fara sulalewa, hannun injin ƙasa, ka kafa shi, shi ne birkinka na ƙarshe, kuma bel ɗin kujera duk maɗauransa a ɗaure, na gan ka shekaranjiya ka saki na kafaɗa wai yana takura maka.

Ban ce ba ka iya ba fa, hannunka a yanka ya fi na wasu da suka girme ka, yadda kake kwantar da itace a jere ma yana burge ni. Ƙasa ce ba ka koyi karantawa ba tukuna, kuma ba a koyon ta daga cikin gilashi. Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri da safar hannunka, kafin a tada inji za mu warware igiya mu bi ta da ido tun daga gangar winci har sarƙar da ke bakin injin, mu duba shakul da fil ɗinsa, sannan mu sauka gangaren nan da ƙafa ni da kai har bakin rafi. Akwai wani waje kusa da tsakiya da ruwa ke tsattsafowa daga ƙarƙashin dutse, ina so ka soka sanda a wajen da hannunka ka ga inda za ta tsaya.