Tambayi likita: fararen ƙwayoyin jini, maleriya da batun warkewa daga ƙanjamau

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na yi gwajin jini, aka ce fararen ƙwayoyin jinina, nau'in nitrofil, sun yi ƙasa, alhali lafiyata lau. Wata cuta ce ke ɓoye? (Wani matashi daga Kano)

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Idan ba ka fama da yawan zazzaɓi, gyambon baki ko maruru masu dawowa, akwai yiwuwar gado ne.

Jikinmu yana fitar da wasu ƙananan sinadarai da ake kira kemokin, kusan iri 50. Idan ka yanke ko ƙwayar cuta ta shiga, wurin sai ya saki kemokin, fararen ƙwayoyin jini su bi sawunsa zuwa inda ya fi yawa, kamar yadda tururuwa ke bin sukari. Mugunyar da kake gani a maruru, yawancinta nitrofil ne da suka amsa kiran suka mutu a wurin. Ƙwayoyin jini suna da makama a jikinsu, wato wuraren da kemokin ke maƙalewa, kusan iri 20 gaba ɗaya.

Ɗaya daga cikinsu sunansa Duffy, an gano shi a 1950, yana kan jajayen ƙwayoyin jini. Kusan duk 'yan asalin Afirka ta Yamma ba su da shi a jajayen ƙwayoyinsu, kuma masu wannan gado sukan nuna ƙarancin nitrofil a gwaji ba tare da garkuwarsu ta raunana ba. Ma'aunin da ɗakunan gwaji da yawa ke amfani da shi an gina shi ne a kan jinin Turawa, shi ya sa ake tsorata lafiyayyun mutane a banza. Duk da haka ka sake gwajin bayan 'yan makonni, ka faɗa wa likitanka magungunan da kake sha, don wasu suna rage nitrofil. In adadin nitrofil ɗin ya gaza 1,000 a kowace mikrolita ta jini, ko akwai zazzaɓi, a zurfafa bincike.

Tambaya: An ce muna da kariyar gado daga maleriya. To me ya sa yarana ke kwanciya duk damina? (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, maganar rabinta gaskiya ce. Nau'in maleriya mai suna bibaks yana amfani da Duffy ɗin nan wajen shiga jan ƙwayar jini, kamar yadda aka nuna a 1976, don haka bai yi ƙarfi a yankinmu ba. Mai kwantar da yaranmu falsifarum ne, kuma shi ba ruwansa da Duffy, yana da wasu hanyoyin. Gidan sauro, maganin rigakafin damina na yara, da gwaji da zarar jiki ya yi zafi, su ne kariyarki.

Tambaya: Na ji an warkar da wani daga ƙanjamau a Jamus. Zan iya daina shan magani in nemi wannan hanya? (Mai karatu da ya ɓoye sunansa)

Amsa: Kada ka daina, Malam, ko na kwana ɗaya. Labarin gaskiya ne, amma ga yadda yake. A 1996 aka gano cewa ƙwayar HIV ba ta shiga farar ƙwayar jini sai ta kama ɗaya daga makaman kemokin biyu, CCR5 ko CXCR4. Wasu mutane sun gaji CCR5 da ya lalace daga uwa da uba, kusan mutum 1 cikin 100 a arewacin Turai, kuma yawancin nau'o'in HIV ba sa iya kama su. A Afirka wannan gado da wuya a same shi.

Timothy Ray Brown, Ba'amurke mazaunin Balin ta Jamus, yana da HIV sai sankarar jini ta kama shi. A 2007 aka yi masa dashen ɓargo daga mai irin wannan gado, ƙwayar ta ɓace daga jikinsa. Sankarar ce ta dawo ta yi ajalinsa a 2020. An samu wasu 'yan tsiraru bayansa, dukkansu don sankara aka yi musu dashen, saboda aikin kansa yana iya kisa. Ba likitan da zai yi wa mutumin da magani ke riƙe da shi lafiya.

Rashin CCR5 ma ba riba ce zalla ba, masu shi sun fi jigata idan zazzaɓin Nilu ta Yamma, wanda sauro ke yaɗawa, ya kama su. Wannan na cikin dalilan da suka sa duniya ta yi ca a kan He Jiankui, masanin Sin da ya sauya ƙwayar gadon CCR5 ta wasu tagwaye tun kafin a haife su a 2018, aka ɗaure shi shekara 3. Abin da binciken CCR5 ya haifar mai amfani shi ne maganin maraviroc, mai toshe CCR5, wanda aka amince da shi a 2007, kuma sai an gwada nau'in ƙwayar mutum kafin a ba shi. Ci gaba da shan naka a kan lokaci, ka riƙa zuwa gwajin yawan ƙwayar a jini yadda asibitinka ya tsara.