Me ya sa ƙwayoyin sankarar jini suke ƙin mutuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An gano mahaifina yana da sankarar jini nau'in CLL. An ce mana ƙwayoyin cutar ƙin mutuwa suke yi. Yaya hakan take faruwa? Kuma me ya sa aka fara ba shi maganin venetoclax ɗan kaɗan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Baba lafiya.

Kowace farar ƙwayar jini tana da tsarin kashe kanta idan ta tsufa ko ta lalace. Furotin biyu, BAX da BAK, su ne ke huda mitokondiriya, inda ƙwayar ke samar da kuzari, kuma da ya fashe sai mutuwa. Wani furotin mai suna BCL-2 shi ke hana wannan hudar. Jiki bai bar yawansa kara zube ba: akwai gajerun RNA biyu (RNA wani sinadari ne ɗan'uwan DNA da ke cikin ƙwaya), miR-15a da miR-16-1, masu manne wa saƙon da ƙwayar gadon BCL2 ke aikawa, su rage furotin ɗin da za a ƙera.

A kusan rabin masu CLL, wani guntu na kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 13 ya ɓace, kuma tawagar masanin sankara Carlo Croce ta gano a Amurka a 2002 cewa guntun ne ke ɗauke da ƙwayoyin gadon waɗannan RNA biyun. Galibi ƙwayar gadon BCL2 kanta lafiya lau take, linzaminta ne ya tsinke. Sai furotin ɗin ya yi yawa, ƙwayoyin da ya kamata su mutu su yi ta taruwa a jini da ɓargo da saifa da kaluluwa.

Venetoclax yana toshe BCL-2 ne kai tsaye, kuma haɗarinsa daga ƙarfinsa yake. Idan ƙwayoyi masu ɗimbin yawa suka mutu lokaci guda, potasiyam da fosfet da yurik asid ɗinsu su malalo cikin jini, ƙoda ta gaza, bugun zuciya ya rikice. Shi ya sa ake hawa mako-mako: miligiram 20 a rana, sai 50, 100, 200, sannan 400 a mako na biyar. Baba ya riƙa shan ruwa lita 1.5 zuwa 2 kullum, ya sha maganin tare da abinci, ya riƙe allopurinol, maganin rage yurik asid, idan an rubuta masa. Don Allah kada a tsallake gwajin jinin da ake yi bayan ƙarin magani, ko da yana jin garau. A sanar da likitansa duk abin da yake sha, har na gargajiya, domin magunguna irin su ketoconazole da clarithromycin da ritonavir suna ƙara yawan venetoclax a jini.

Wani lokaci cutar takan sauya dabara. Ƙwayoyin da ke ɓoye cikin kaluluwa sukan ƙara ƙera furotin MCL-1 ko BCL-XL, masu yin aikin BCL-2, ko kuma BCL-2 ɗin ya canja siffa har maganin ya kasa kama shi. Wannan na cikin dalilan haɗa venetoclax da rituximab ko obinutuzumab, magunguna masu kai wa ƙwayoyin hari ta wata hanya daban.