Makarantar ɗana za ta kai su babban coci a Ingila, in sa hannu ko in hana shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, Allah ya ƙara lafiya. Muna zaune a Ingila ni da maigidana, yaronmu ɗan shekara 9 yana firamare, to sai ya dawo da takarda wai ajinsu za su je babban cocin Durham su ga tarihi da yadda Kiristoci ke ibada, ana so in sa hannu. Babansa ya ce ba inda za shi, yaron kuma sai kuka yake wai duk abokansa za su. Dan Allah meye hukuncin?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa Allah ya raya muku shi kan Musulunci.

Shiga coci ba don ibada ba malamai sun yi saɓani a kai tun da can. Waɗanda suka hana ko suka karhanta, mafi ƙarfin dalilinsu shi ne hotuna da gumaka, Bukhari ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ce mu ba ma shiga cocinanku saboda mutum-mutumin da ke ciki. Masu halattawa kuma suna kawo abin da Ibnu Ƙudama ya ruwaito a Almugni, lokacin da Umar ya je Sham Kiristoci suka shirya masa abinci a coci, shi bai je ba amma ya ce Sayyidina Ali ya tafi da mutane, Ali ya shiga ya ci har yana kallon hotunan. Kin ga da haramun ne tsantsa da Umar bai tura kowa ba. Sannan Ummu Habiba da Ummu Salama sun ba Annabi (SAW) labarin wani coci da suka gani a Habasha da hotunan cikinsa, bai yi musu faɗan ganin ba, sai ya yi bayanin cewa mutanen nan idan salihi ya mutu a cikinsu sai su gina wurin ibada a kan kabarinsa su zana waɗannan hotuna, ya nuna munin aikin. A Risala ma abin da aka ambata cikin hani shi ne yin salla a cocinansu.

Don haka abin da na fi natsuwa da shi, zuwa don gani da sanin tarihi ya halatta in akwai buƙata, yin ibadarsu kuwa ko kwaikwayonta bai halatta ba ko da sunan wasa ne.

Nan ne fa aikin yake, domin irin wannan ziyara ba kallon gini kawai ake yi ba. Cocin Durham an fara gina shi a 1093, kuma a ciki akwai kabarin Cuthbert da na Bede waɗanda suke ɗauka waliyyai, wato dai irin abin da hadisin nan ya siffanta, kuma a ziyarar makarantu a irin wannan coci akan ba yara kyandir su kunna, ko a sa musu rigar 'yan zuhudu, ko a tara su bakin kwamin baftisma a gwada yadda ake yi, wani lokacin a rufe da addu'a ko waƙa. Yaro ɗan shekara 9 in malamarsa ta miƙo masa kyandir wallahi karɓa zai yi, kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba. Saboda haka ki rubuta wa malamar ajin ki tambayi me da me za a yi tun daga shiga har fita, ki faɗa mata cikin ladabi ɗanki zai kalla ya saurara amma ba zai kunna kyandir ba, ba zai durƙusa ba, ba zai yi addu'a ko waƙar ibada ba. In suna neman iyaye masu rakiya, ki bi su, wannan ya fi komai.

Kafin ranar ki zaunar da shi ki karanta masa Ƙulhuwallahu da ma'anarta, ki gaya masa Annabi Isa (AS) bawan Allah ne kuma manzonsa, muna son sa muna son mahaifiyarsa Maryam, ba a kashe shi ba ba a gicciye shi ba kamar yadda Suratun Nisa'i aya ta 157 ta faɗa, don zai ga gicciye ko'ina ya juya. Ki kuma ja masa kunne kar ya yi wa kowa ba'a ko ya taɓa kayansu, baƙo ne a wurin. In ya dawo ki tambaye shi me ya gani me aka ce.

Idan makarantar ta ƙi sharuɗan, ko kin san yaron bai riƙe aƙidarsa ba tukuna, to kar ya je, kuma doka a Ingila ta ba iyaye damar cire ɗansu daga darasin addini, ba alfarma kike roƙo ba.

Batun babansa kuma, tsoronsa yana kan hanya kuma yana da magabata a ra'ayinsa, kar ki sa hannu a bayan idonsa. Ki nuna masa wannan amsar, in ya gamsu alhamdulillah, in ya tsaya kan bakansa ki bi shi, ku lallashi yaron ku yi masa bayanin dalili.

Wallahu a'alam.