Ka fara da Streamlit, ka bar Django sai buƙatarsa ta zo

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce wata huɗu ke nan kana koyon yaren kwamfuta na Python, hannunka ya fara faɗawa a pandas, kayan aikinsa na sarrafa jadawalin bayanai, kuma kana son shafin da za a loda fayil ɗin Excel na cinikin shagon yayanka, a ga jimilla da zanen hawa da saukar ciniki. Sai dai ka rasa wanda za ka kama tsakanin kayan gina shafi na Django da Flask da React. Ni dai a ganina duk ka ajiye su tukuna, ka ɗauki Streamlit, kayan aikin Python na nuna lissafi a shafi. Ga dalilina.

Irin aikin nan na taɓa yi wa wata ƙungiyar manoma, kuma da Django na fara, don kowa cewa yake shi ne na ƙwararru. Na shafe kusan mako shida ina fama da tsara rumbun bayanai da shafin shiga da lambar sirri da launin maɓallai. Ranar da na kai wa shugaban ƙungiyar, dattijo ne mai haƙuri, ya gyara tabarau ya kalli allon ya ce, "Madalla, yarona. To buhu nawa na masara muka sayar a watan azumi?" Wallahi ba ni da amsa. Na yi ƙofa da tagogi masu kyau, ɗakin kuwa babu komai a ciki. Abin ya tsaya mini a rai, domin mutanen nan sun dogara da ni, ni kuma na ɓata musu lokaci.

Ba laifin Django ba ne. A wani gidan jarida na garin Lawrence da ke jihar Kansas a Amurka aka ƙirƙire shi, aka sake shi ga jama'a a 2005, kuma an yi shi ne don shafukan da mutane da yawa ke shiga suna rubutu suna gyarawa. A wannan fagen gwani ne. Amma kai lissafi ne a gabanka, shafin kuwa faranti ne kawai na miƙa shi.

Streamlit ya fito a 2019, kamfanin Snowflake ya saye shi a 2022, kuma har yanzu kyauta ne. Fayil ɗaya na Python za ka rubuta, babu HTML, babu JavaScript. Layi ɗaya ya ba ka wurin loda fayil, layi ɗaya ya nuna jadawali, wani ya zana maka ciniki wata-wata. Ka buga streamlit run app.py, burauza ta buɗe da kanta. Da na koma kansa, tsakanin Magariba da Isha'i na samu amsar tambayar dattijon nan a allo.

Yana da halinsa, gara ka sani tun yanzu. Duk lokacin da aka taɓa wani abu a shafin, ko da sauya wata ne daga Janairu zuwa Fabrairu, sai ya sake karanta rubutunka tun daga layin farko har ƙarshe. Ni ban san haka ba da farko. Ina canza wata sai in ji fankar kwamfutar ta tashi, shafin ya dushe, in zauna ina jira, ashe fayil ɗin gaba ɗaya yake sake buɗewa. Maganin shi ne ka sa st.cache_data a saman aikin da ke karanta fayil, sai ya karanta sau ɗaya ya riƙe. Sannan iyakar abin da yake karɓa megabait 200 ne sai in ka ƙara da kanka, kodayake cinikin shago ɗaya da wuya ya kai nan.

Sai batun netwok. Shafin yana buƙatar layinsa da sabar, wato kwamfutar da ke gudanar da shi, ya zauna a haɗe, in sabis ya yanke sai ya tsaya cak. Don haka kada ka yi gaggawar ɗora shi a intanet. Kunna shi a kwamfutar shagon, zai ba ka adireshi mai ƙarewa da 8501, duk wayar da ke kan wayifai ɗaya da kwamfutar za ta buɗe shi. Wannan ma ya fi maka kwanciyar hankali, domin sunayen masu bashi da lambobin wayarsu amana ce, bai kamata su hau shafin da kowa zai iya gani ba, balle GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a intanet.

Inda za ka sha wuya ta gaske shi ne cikin fayil ɗin kansa. A nawa, wani ya rubuta "Shinkafa", wani "shinkafa" da tazara a ƙarshe, wani "Shikafa", pandas kuwa ya ƙirga su kaya uku daban. An rubuta kuɗi da waƙafi da harafin N a gaba, ya ɗauke su rubutu ya ƙi tarawa. Kwanan wata 3/4 ya zama 4 ga Maris alhali 3 ga Afrilu ake nufi. A nan ya kamata kwanakinka su tafi, domin zane mai kyau a kan lissafin da ya karkace ɓatar da yayanka zai yi.

Sauran kuma: Dash, wani kayan Python irin Streamlit, yana ba ka iko sosai kan fasalin shafi, amma sai ka koyi haɗa kowane maɓalli da abin da yake canzawa. Flask ƙarami ne, sai dai komai da hannunka za ka gina. React da wani yare daban ake aiki da shi, wato JavaScript, bar shi tukuna. Da yaren R ka koya maimakon Python, da Shiny zan nuna maka, shi ne mai irin wannan aikin a can.

Ranar da yayanka ya ce yana son yaran shago su riƙa shigar da ciniki da kansu, kowa da lambar sirrinsa, wani ya ga riba wani kada ya gani, to lokacin Django ya yi. Saboda wannan ranar, tun yau ka ware lissafinka a fayil guda, abin da ke nuna shi a wani fayil, in ka tashi ƙaura ka ɗauki lissafin yadda yake.

Turo mana kanun jadawalin da layi biyar na farko, ka goge sunayen mutane, in sha Allahu mu duba tare mu ga inda za a fara gyara. Allah ya ba da sa'a.