Kunkurun da ke karkata wuya gefe

Ka ce yaronka ya tsinto kunkuru a bakin kududdufi, yana karkata wuyansa gefe maimakon ya ja shi ciki, kana tambaya ko na tudu ne. A'a, kififiya ce, 'yar dangin kunkurun ruwa masu karkata wuya gefe da masana ke kira Pelomedusidae, kuma kusan duk danginta a Afirka suke. Kifa ta ka duba ƙasan ƙoƙon. Iri biyu ne a dangin: in gabansa na motsi kamar murfi, Pelusios ce. In a ƙame yake, Pelomedusa ce, wadda aka daɗe ana ɗauka jinsi ɗaya har sai 2014 da masana suka kasa ta gida 10.

Kada a ajiye ta a tsakar gida ana ba ta latas. Nama ta fi so: talibambam, ƙwari, dodon koɗi, ƙananan kifi, kuma a cikin ruwa take ci. Na taɓa ajiye ɗaya a baho, ranar farko ta sakar mini wani wari a hannu, sabulu ma da ƙyar ya fitar. In kududdufi ya ƙafe da rani, binne kanta take yi a laka har damina ta dawo, shi ya sa ta ɓullo yanzu. Gara yaron ya mayar da ita inda ya ɗauko ta.