Shin ana koyon aikin jinyar al'umma a waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. 'Yata tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinyar al'umma. Ta zo hutu, kullum tana rungume da waya wai darasi take yi, ga kuɗin data ya ishe ni. Mu dai a gaban malami muka san ana koyon aikin nas. Wannan karatu ne ko shiririta? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Karatu ne, in dai wayar ba ita kaɗai ba ce. Tsarin haɗin gambiza ne: wani sashe a intanet, wani a aji, wani kuma a bakin aiki. Ya yi ƙarfi ne tun da korona ta sa aka rufe makarantun Ghana a watan Maris na 2020, kuma da aka dawo malamai da yawa ba mu sake shi ba.

Akwai abin da waya ta fi allo iyawa. Jadawalin rigakafi, misali: BCG (rigakafin tarin fuka) da haihuwa, Penta (rigakafin cututtuka biyar a haɗe) a sati 6 da 10 da 14, da ajiye maganin a sanyin digiri 2 zuwa 8. Wannan hadda ce. Yarinya za ta maimaita bidiyo sau biyar ba mai harararta, alhali a aji kunya kan hana ta ɗaga hannu. Jarrabawar lasisi ta Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ma yanzu a kwamfuta ake rubuta ta, don haka sabon da take yi ba asara ba ne.

Amma hannu ba ya koyo a waya. Allurar BCG cikin fata ake yin ta, a kwantar da tsinin kamar zai shafi dantsen jariri, har wurin ya ɗan tasa kamar cizon sauro. Na sha ganin ɗalibar da ta ci tambayoyin intanet kaf, ranar awo jariri ya canyara kuka, uwa ta zuba mata ido, hannu ya kama rawa. Sai da na riƙe wuyan hannunta muka yi tare.

Kuma aikin da ke jiranta na shiga gida-gida ne. Tsarin CHPS, wato shirin Ghana na kula da lafiya a cikin al'umma, wanda ya samo asali daga gwajin da aka yi a garin Navrongo na arewacin ƙasar a shekarun 1990, nas yake kaiwa cikin jama'a ta zauna da su. Yadda za ta yi sallama a zaure, ta gaida maigida, ta lallashi kakar da ta rantse ba za a tsira wa jikanta allura ba, wannan sai ta bi wata babba a baya tana kallo. Mu 'yan zango mun san kaka ba a yi mata gaggawa.

Ki ce ta nuna miki littafin da ake sa mata hannu a wurin aiki. Ki tambaye ta sati nawa ta yi a asibiti da cikin unguwa a zangon da ya wuce, jarirai nawa ta auna, wa ya tsaya a kanta. In shafukan a cike suke, ki ci gaba da sayen data da zuciya ɗaya. In fayau suke, ki je makarantar da kanki ki nemi ganin malamar da ke kula da ajinsu.

Batun kuɗi kuwa, ta riƙa sauke darussan lokacin garaɓasar dare, ta kalla da rana ba tare da intanet ba. Ko dumso ya zo, wato an ɗauke wuta, darasin na cikin wayar muddin ta yi caji.