Amsa ga mai tambaya kan zanen da ya hargitse a GB Studio

Ƙanwata, kin ce kwana uku kika yi kina zana kasuwa a matsayin bangon wasanki, da kika saka a GB Studio, manhajar ƙirƙirar wasannin na'urar Game Boy, sai rabin hoton ya koma kamar yagaggiyar tabarma. Wallahi na san wannan takaicin. Hannunki lafiya lau yake, tayil, wato 'yan ƙananan gutsattsarin da ake haɗa hoton da su, su ne suka yi yawa.

Allon Game Boy fiksel (ɗigon hoto) 160 ne a kwance, 144 a tsaye, kuma gida-gida yake yanka shi, kowane gida 8 sau 8. Gidaje 360 ke nan, amma tayil mabambanta 192 kawai bango ɗaya yake ɗauka. Gida biyu da suka saɓa da fiksel ɗaya tak, tayil biyu ne a lissafinsa. Nan ne ku 'yan ajin zane kuke faɗawa: an koya muku kowane bulo da tasa inuwar, kowace rumfa da nata lanƙwasar. A takarda abin yabo ne, a nan kuwa shi ke cinye tayil. Abin da ke ƙona min rai, masu bidiyon koyarwa sai su yi ta nuna hoto mai kyau, ba wanda zai ambaci 192 ɗin nan sai mutum ya gama wahala, ya fara zargin kwamfutarsa.

Ki buɗe zanen a manhajar zane ta Aseprite, ko LibreSprite in babu kuɗi, ki kunna layukan raga 8 sau 8. Bulo ɗaya za ki zana, ki yi ta kwafa. Rumfa iri biyu ta isa. Fensir kaɗai, ban da buroshi mai laushi, don yana zuba launukan da ido ba ya gani. Launi huɗu ne: #071821, #306850, #86c06c, #e0f8cf. Ki adana a PNG. JPG ɓata gefuna yake.

Af, jarumin wasan launi uku kawai yake samu, ban da #306850, sai #65ff00 a inda kike son a hango bayansa. Kuma tayil ɗin masu motsi irin su jarumin, in sun wuce 10 a layi ɗaya na kwance, sauran ɓacewa suke.

Kada maimaici ya ba ki kunya. A Super Mario Bros. na 1985, gajimare da ciyayi zane ɗaya ne, launi aka sauya. Ki turo hoton kasuwar da ragar a kunne mu ƙirga tayil ɗin tare.